Ranar da Rawanin Indiya Ya Kusa Fasa Mini Kai

Akwai abubuwa da yawa da suka same ni a rayuwa waɗanda sai wani ya tuna mini nake tunawa. Amma ranar da na ɗora rawanin Indiya a kaina na tafi gaida dangin matata a dajin arewacin Belbeji, wannan kam ko tsufa ya kwashe mini tunani ba na jin zai haɗa da ita. Har yau in na ga mutum ya sha naɗi yana tafe yana ƙasaita, ba kyan rawanin nake fara gani ba, kunnuwansa nake tausaya wa.

A lokacin ina saurayi, ina tuƙa motar ruwa a wani kamfanin haƙar rijiyar burtsatse, wadda mu a nan muke ce wa foraj. Sansaninmu yana bakin garin Tanut. Mai kula da injin haƙar wani Ba'indiye ne dogo, mai gemu har ƙirji, da munduwar ƙarfe a hannun dama. Mu ma'aikata Shef muke ce masa. Ba Musulmi ba ne, ba kuma Hindu ba. Ya gaya mana sunan addininsu Sik, kuma a cikinsa namiji ba ya aske gashi, yana tufke shi ne ya rufe da rawani. To amma je ka bayyana wa tsofaffin matan ƙauyukan Damargu wannan. Suna ganin gemu da rawani sai su durƙusa, su ce Malam a sa mu a addu'a. Shi kuwa bawan Allah sai ya haɗa tafukan hannunsa ya ce, "Amin, amin, sannu-sannu," don kusan nan Hausarsa ta tsaya a farkon zuwansa.

Rawanin Shef shi ne abin da ya tsone mini ido. Ba irin namu ba ne. Nasa a ɗame yake, lanƙwasa kan lanƙwasa, kowace a jere da 'yar'uwarta, sun haɗu a tsakiyar goshi sun yi tsini. Yau ja, gobe shuɗi, jibi ruwan goro. Zai wuni a gindin inji cikin laka da baƙin mai, amma rawanin ko gezau. Na sha ganinsa da rana tsaka ya koma inuwar mota ya zauna, ya cusa babban yatsa ƙarƙashin rawanin ta wajen kunne, ya lumshe ido yana murzawa. Ni a wautata na ɗauka lissafin zurfin rijiya yake yi.

Ita kuwa wadda ta zama matata, cuku take kawowa kasuwar Tanut. Mutanenta Bugaje ne, makiyaya. Na sayi cuku a wurinta har ɗakina ya koma warin cuku, kafin na samu bakin gaya mata abin da ke kawo ni. Da magana ta yi nisa, wata ranar kasuwa ta ce mini wan mahaifinta yana son ganina. Shi ne babba a gidansu, mahaifinta ba ya tsallake maganarsa. In ya gan ni ya yarda, sai in turo manyana. In bai yarda ba, zance ya ƙare, domin da ruwan farko ya sauka za su tashi da dabbobi su yi arewa, kuma akwai wani ɗan gwaggonta mai raƙuma da ya daɗe yana jira a gefe. Zuwa ɗaya nake da shi, babu na biyu.

Har na juya zan tafi sai ta ce, "Malam direba, a wajenmu fa namiji ba ya zama gaban manya da kai a buɗe, baki a buɗe." Ta ɗan yi dariya ta ƙara da cewa, "Amma kai Bahaushe ne, sa hularka ka zo, ba mai ce maka komai."

Rabin farko na maganar na riƙe, rabi na biyu na bar mata shi a kasuwa. Ni da zan je inda ɗan gwaggo mai raƙuma yake zaune da rawanin turkuɗi yana walƙiya, sai in je da 'yar hula kamar mai tallan goro? Matsalar ita ce ban taɓa naɗa rawani ba tun da aka haife ni. A garinmu, can wajen Ollelewa, rawani na liman ne da mai gari. Abin dariyar shi ne maigadin sansaninmu Buzu ne, da na tambaye shi da ya naɗa mini irin nasu kafin shayinsa ya tafasa. Amma rawaninsa a idona sakwaf yake, kamar an ɗora masa wanki a ka. Ni na Shef nake so, wanda ba a taɓa ganin irinsa a rugarsu ba.

Na sayi sabon yadi fari, dogo, mai sitati yana ƙaƙas-ƙaƙas. Da safiyar ranar tafiya na fara biyawa wurin wanzami, don ba a zuwa gaban surukai da suma. Ya yi mini ƙwal kwabo, kai na sheƙi. Daga nan na wuce ɗakin Shef tare da taubashina, wanda zai kai ni a kan motonsa, wato babur. Shi wannan taubashin nawa, ɗan ƙanwar babana, in ka faɗa rami ba zai miƙo maka hannu ba sai ya gama dariya ya kira mutane su gani.

Shef ya yi murna ƙwarai da na gaya masa buƙatata. Ya ce a ƙasarsu girmamawa ce a naɗa wa aboki rawani. Amma da na cire hula sai ya ja da baya, ya riƙe gemu. "Ina gashi? Ba gashi!" Da Hausarsa ta gutsure-gutsure da ɗan Faransanci ya fahimtar da ni cewa su gashin da suke tufkewa a tsakiyar ka shi ne matashi, shi ne kuma turken da rawanin ke kamawa. Ya ce tun suna yara ake saba musu da ɗan ƙaramin ƙyalle kafin su kai ga babban, kuma duk da haka sabon shiga sai ya sha ciwon kai da ciwon kunne. Ya nuna ƙirjinsa ya ce, "Ni ma, zafi ya zo, kai ciwo. Kai yau farko. A ɗaure kaɗan-kaɗan."

Na ce, "Shef, a kan moto za mu tafi. In iska ta kwance shi a hanya wa zai mayar mini? Ɗaure shi tamau."

Taubashina ya ce, "Gaskiyarsa ce, Shef. Kansa fa ba irin na mutane ba ne, ba komai a ciki da zai yi ciwo. Ja da ƙarfi."

Suka kama yadin, Shef a wannan bakin, taubashina a wancan, suka miƙe shi tsawon tsakar gida suna ja suna naɗe gefunansa ciki. Shef ya yayyafa masa ruwa don ya yi laushi ya kwanta. Ya ba ni bakin yadin guda ya ce in cije da haƙori, sannan ya fara zagaya kaina, kowane zagaye sai ya bi ta kan kunne ya danne shi. Tun da kan a aske yake, yadin ya riƙa santsi yana zamewa, shi kuma ya riƙa ƙara ja don ya zauna. Da ya kusa gamawa na tuna da zancen baki, na ce a bar mini amawali, wato jelar da ake rufe baki da ita. Shef ya ce nasu ba shi da wannan. Na nace. Sai ya bar mini bakin nan da na cije da farko, wanda ya fito daga can ƙarƙashin naɗin, ya ce in na ga dama in ja shi in rufe bakina in soke a ɗaya gefen.

Da na duba madubin mota, wallahi ban gane kaina ba. Na yi kyau. Wannan ko maƙiyina zai shaida. Muna ratsa cikin gari masu shayi suna ɗaga mini hannu suna cewa ranka ya daɗe, wani mai kura har ya kauce mana hanya. Ni kuma ina bayan moto ina ɗan ɗaga hannu a hankali, kamar wanda ya gaji abin.

Bazara ce, kuma duk wanda ya san bazarar Damargu ba sai na yi masa bayani ba. Kafin mu bar kwalta kunnena na hagu ya fara ƙaiƙayi, ƙaiƙayin ya koma zafi. Da muka shiga rairayi, rana ta busar da yadin, sitatin ya dawo da ƙarfinsa, abin da ya kwanta mini luf da safe ya koma kamar an yi mini ƙawanya da waya. Duk ramin da moto ya faɗa sai in ji shi a tsakiyar kaina.

Taubashina ya waiwayo ya ce, "Ango, na ji ka yi shiru. Lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau. Dubi hanyarka."

Da na ce masa ya tsaya a gindin wata bishiya mu sassauta, da an wuce wurin. Amma na san in aka taɓa lanƙwasa ɗaya duk ginin zai rushe, kuma daga ni har shi ba mai iya mayarwa. Na kuma san zai ba da labarin a kowane taron suna har ƙarshen rayuwarsa. Sai na cije.

Mun isa rugar rana ta ɗaga sosai. Bukkokin tabarma ne 'yan kaɗan, awaki sun lafe a inuwa, raƙuma suna can nesa suna cin ƙaya. An shimfiɗa mana tabarma a gindin wata aduwa. Tsohon, wan mahaifin nata, yana zaune ya tanƙwashe ƙafa, siriri ne, ba abin da ake gani a fuskarsa sai idanu biyu ƙanana tsakanin rawani da amawali. Kusa da shi akwai 'ya'yansa samari biyu, da wani mai rawanin turkuɗi wanda ba sai an gaya mini ko wane ne ba. Kafin in durƙusa na kama jelar nan na ja don in rufe bakina. A nan na gano abin da Shef bai sani ba, ni ma ban sani ba: tun da jelar daga ƙarƙashin naɗin ta fito, duk jan da na yi mata zagayen ciki take ƙara tsukewa. Na ji kamar an ƙara wa kaina ƙulli.

Gaisuwar Bugaje ba ta da gaggawa. Ina gajiya, ina rana, ina mutanen Tanut, ina ruwa, ina dabbobi, a yi shiru, a sake ɗaukowa daga farko. Ni kuma duk amsa ɗaya sai haɓata ta motsa, amawalin ya zame, domin ba a yi shi don wannan aikin ba. Yana zamewa sai kunya ta sa in ja shi in mayar. Wato duk ladabin da na yi, a kaina nake biyansa.

Tsohon ya daɗe yana kallon rawanina, sannan ya ce, "Ɗana, wannan naɗin na wace ƙasa ne? Na yi yawo har Agadas da gaba, ban ga irinsa ba."

Na ce, "Na Indiya ne, Baba."

Ya jinjina kai. "Indiya. Da nisa. Ba ya damun ka da zafin nan?"

Ga ƙofa an buɗe mini, amma kafin in ce uffan taubashina ya shige ta. "Wa? Shi? Ai Baba ko barci da shi yake yi. In ya cire ma zazzaɓi yake kama shi. Mu duk danginmu shi kaɗai Allah ya ba wannan baiwar."

Na kalle shi da gefen ido, don wuyana ya daina juyawa. Fuskarsa a sake kamar mai wa'azi. Na ce, "Haka ne, Baba. Na saba."

Idanun tsohon suka ɗan ƙanƙance. A lokacin na ɗauka yarda ce. Daga baya, da na zauna da shi na san shi, na gane haka idanunsa suke yi in ya samu abin wasa.

Ya jawo ɗan murhun gawayi da butar shayi, ya ce yau shi da kansa zai dafa wa baƙo. 'Ya'yansa suka kalli juna. Shayinsu hawa uku ne, kuma baƙon kirki ba ya tashi sai ya sha na ukun. Ban taɓa ganin mutum yana dafa shayi da nawa irin ta wannan tsoho ba. Ya zaɓi gawayi ɗaya-ɗaya. Ya fifita, ya tsaya, ya ba mu labarin wata taguwarsa, wato raƙuma, da ta ɓata shekarun baya, aka bi sawunta har kusa da Falanko. Ya ɗaga buta sama ya tsiyaya a finjali, ya mayar, ya sake tsiyayawa, ya mayar. Ni kuwa jijiyar goshina tana bugawa daidai da tafasar butar.

Da finjalin farko ya iso hannuna sai na ga kowa yana shigar da nasa ta ƙarƙashin amawali, ya kurɓa ba tare da an ga leɓensa ba. Nasu amawalin sakwaf yake, akwai wurin da hannu zai shiga. Nawa ya manne da baki. Sai da na ja shi gaba da ƙarfi kafin finjalin ya samu hanya, jan kuma ya tafi inda ya saba tafiya. Rabin shayin ya bi haɓata ya sauka cikin riga. Ban ko motsa ba, don zafin shayin hutu ne a kan abin da ke sama.

Ana cikin na biyu na tsinci kaina na cusa babban yatsa ƙarƙashin rawanin ta wajen kunne, na lumshe ido ina murzawa. Sai Shef ya faɗo mini a rai, zaune a inuwar mota. Ashe ba lissafin rijiya yake yi ba. Tausayinsa ya kama ni, amma ban daɗe a kai ba, don nawa tausayin ya fi gaggawa. Na kalli ɗan gwaggo mai turkuɗi. Iska tana shiga rawaninsa tana fita, yana zaune abinsa yana wasa da tsinke. Rawanin da na raina a kan maigadi, ga shi ina kallonsa da kwaɗayi.

An aiko da furar cuku da dabino daga bukkar mata. Na san hannun da ya dama ta, na kuma san ana leƙe na ta tsakanin tabarmi. Mai neman aure ba ya ci a gaban surukai, don haka taubashina ya shanye tasa ya haɗa da tawa, yana yi yana santi yana cewa ai ɗan'uwansa rawani kaɗai ya ishe shi abinci.

Abin da ya riƙe ni duk tsawon wannan lokaci shi ne azahar. Na tsara komai a raina: za a ba ni buta, in zagaya bayan bukka da sunan alwala, shafar kai da kunne kuwa dole sai an ɗaga rawani. In samu ko ɗan numfashi ne. Da inuwa ta karkata tsohon ya dubi sama ya ce lokaci ya yi, sai na miƙe har ina tuntuɓe, na ce, "Baba, a taimaka mini da buta."

Ya ce, "Ayya, ɗana. Jakunan da suka tafi rijiya tun safe ba su dawo ba. Abin da ya rage a salka na sha ne, na yara da mata. Mu nan taimama za mu yi." Ya nuna mini rairayi mai tsabta a gabana.

Ni da nake tuƙa mota cike da ruwa kullum, ga ni na rasa cikin buta ɗaya a ranar da na fi bukata. Na dafa ƙasa na yi taimama, wadda ba ruwanta da kai ballantana kunne. Sallar kuwa, Allah dai ya karɓa. Duk sujadar da na yi sai jini ya taru a goshina, in na ɗago sai in ga tsohon da ke ja mana ya zama biyu.

Muka koma tabarma, aka ɗora shayi na uku. A lokacin ba na jin kunnuwana sam, sun mutu. Gumi yana shiga idona. Amma na ce a raina saura kaɗan, in kurɓe wannan in yi sallama, in muka ɓace musu in yaga abin nan da haƙori. Tsohon ya miƙo mini finjali, ya tsaya bai saki ba, ya ce da murya mai taushi, "Ɗana, amawalinka ya sauka."

Ya sauka kuwa, bakina a waje. Kunya ta sa na fizgi jelar da ƙarfin da ban yi niyya ba. Wani abu ya yi ƙara a cikin kaina, duniya ta yi baƙi ta dawo. Duk tsarin da na zo da shi, da ɗan gwaggo, da raƙumansa, da mai leƙe ta tsakanin tabarmi, duk suka fice mini. Na ji bakina yana magana da kansa:

"Baba, ko ku ba ni ita ko ku hana ni, don girman Allah a kwance mini abin nan. Kaina zai fashe. Ban saba ba, ƙarya ne, yau na fara."

Na san na gama da kaina. Na zo gidan mutanen da namiji ba ya buɗe ko bakinsa, ga ni ina roƙon a tuɓe mini kai a tsakiyarsu. Tsohon ya yi wa samarin alama da ido. Taubashina ya kama rawanin, ɗan gwaggo mai turkuɗi ma ya taso ya taya shi, kuma har yau ina ganin girmansa a kan wannan. Suka nemi bakin yadin suka rasa inda Shef ya soke shi. Da suka samu, suka riƙa warwarewa, yadi yana zuba a tabarma ba ya ƙarewa. Zagayen ƙarshe ya manne da fata, sai da aka ɓamɓare shi.

Ban ga kaina ba, amma an ba ni labarinsa sau da yawa. Ƙwal kwabo, ya yi layi-layi kamar gonar da aka yi wa huɗa, kunnuwa biyu sun kwanta sun manne a jikin kai. Ana cikin kallo sai na dama ya ɓalle ya miƙe a hankali shi kaɗai, ya bar na hagu a kwance.

Wannan kunnen shi ya karya tsohon. Ya fara da rawar kafaɗa, sannan wata ƙara ta kuɓuce masa, sannan ya kife da baya yana dukan tabarma yana shure-shure, har ya ture butar shayi. Garin haka amawalinsa ya zame har ƙarƙashin haɓa. Nan take 'ya'yansa da ɗan gwaggo suka kawar da fuska gefe, taubashina ma ya sunkuyar da kai. Ni kaɗai, da wuya a sandare da hankali rabi, na zauna ina kallon cikin bakinsa. Haƙori ɗaya ne tak a ciki, a sama, dogo, shi kaɗai yake gadin wurin.

Ya lura. Dariyar ta tsaya. Ya tashi zaune ya ja amawalinsa ya mayar, ya share hawaye, muka kalli juna. Sai ya ce a kawo salka. Ruwan nan da bai yarda a taɓa don alwala ba, shi ya tsiyaya a tafin hannunsa ya shafa mini a ka, ya sake tsiyayawa ya shafa, yana murza mini bayan kunnuwa da yatsunsa masu kaushi. Wallahi sai da ƙwalla ta zo mini, kuma ba ta ciwo ba ce.

Ya ce, "Tun finjalin farko na ga jijiyar goshinka tana tsalle. Na ce bari in ga inda taurin kan Bahaushe yake tsayawa. Ka yi nisa, ban zaci za ka wuce azahar ba." Ya ajiye salkar gefe. "Da ka tashi ka tafi kana ce mini lafiya lau, da ban ba ka ba. Mu muna nesa da gari. Ranar da 'yarmu ba ta da lafiya a gidanka, ba na son mai ce mini lafiya lau."

Ya matso kusa, ya rage murya, amma yadda kowa zai ji. "Sannan kuma, yaran nan da na haifa ba wanda ya ga bakina tun da haƙorana suka zube. Kai ka zo yau ɗaya ka gani. Ba zan bar baƙo ya shiga kasuwar Tanut da wannan labarin ba. Dole ka zama ɗan gida. Je ka turo manyanka."

Daga bukkar mata wata ta rangaɗa guɗa, aka yi saurin toshe mata baki.

Da hular taubashina na koma gida, shi ya tuƙa da kai a buɗe, yadin kuwa na bar wa tsohon ya ce zai riƙa tace shayi da shi shekara goma. Shef da ya ga kunnuwana washegari sai ya riƙe kai yana ba ni haƙuri, ya haɗa mini shayinsu mai madara da citta, sannan ya zauna na ba shi labari, ya yi dariya har gemunsa yana rawa. Tsohon ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗi zancen haƙorin ba sai bayan ransa. Na cika alkawari. Allah ya ji ƙansa, ya zame mini uba na biyu.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, abin da ka gani a kan wani yana yi masa kyau, tambaye shi yadda yake ji a ƙarƙashinsa kafin ka ce a ɗora maka. Shef ya gaya mini gaskiya ban saurara ba, don shi imaninsa ne ya sa yake ɗauke da nasa cikin zafin Damargu, ni kuwa burga ce kawai. Na kuma koyi cewa in abu ya matse ka, ka buɗe baki ka faɗa tun da sauran ganinka. Na wuni ina cije ciwo don a ba ni mata, ashe sai da na ce wayyo sannan aka ba ni.